Jan Fenti a Bangon Gidan Haya

Akwai wani mutum a wani birni wanda ya yi shekara talatin da biyar yana aikin gwamnati. Da ya yi ritaya aka ba shi kuɗin sallama, sai abokai suka yi masa caa da shawara. Wannan ya ce motar haya, wancan ya ce shagon siminti. Shi kuwa ya tashi ya tafi can ƙarshen gari, bayan mayanka, inda ko ɗan acaɓa sai an roƙe shi kafin ya kai mutum, ya sayi wani kango mai ɗaki huɗu. Rufin ya ɓule, bangon baya ya tsage, awakin unguwa ne ke zaune a ciki.

Da matarsa ta je ta gani, ta riƙe haɓa ta ce, "Maigida, wannan ka saya da gumin shekara talatin da biyar?"

Ya ce, "Shi na saya."

Ta ce, "To, sai ka tambayi awakin nawa za su riƙa biya a wata."

Ya yi dariya, ya naɗe hannun riga. Shekara guda cur ya yi yana gyara. Da kansa ya kwashe kashin awaki, ya fitar da ruɓaɓɓen katako, ya sa sabon kwano, ya yaɓe bango. Wata rana guduma ta sauka a kan babban yatsansa, farcen ya fita, bai kuma sake tsirowa daidai ba.

Da gidan ya kintsu ya sa 'yan haya. A cikinsu akwai wani tela, akwai kuma wata gwauruwa mai tuyar ƙosai da ake kira Maman Tabita. Sau uku ana tashinta daga gidan haya cikin shekara biyar, ita da 'ya'yanta, har ta gaji da ɗaure kaya. Da ta ga hankalinta ya kwanta a nan, sai ta shuka gwanda a tsakar gida, tana ba ta ruwa kowace safiya.

Ana nan sai aka shimfiɗa kwalta ta bi ta ƙofar gidan. Aka ɗauke mayanka, aka gina babban asibiti a wurin. Unguwar da a da ake toshe hanci a wuce ta zama unguwar da kowa ke nema, kuɗin gidaje ya yi tashin gwauron zabi. Dillalai suka cika layi, kowa da waya a kunne. 'Yan haya kuwa suka gane yadda abin yake tafiya: da farko mai gida zai zo ya shafa wa gidan fenti don ya yi kyan gani, sai mai saye ya biyo da takardar tashi, sai katafila ta rushe, a kafa bene. A haka maƙwabta suka yi ta watsewa ɗaya bayan ɗaya.

Wata safiya wani dillali ya tare dattijon a ƙofar gida, daidai inda Maman Tabita ke tuya. Ya ce, "Baba, abin da za a ba ka zai sayi irin wannan gida goma a wata unguwa. Kasuwa ce, yau ta hau, gobe ba wanda ya sani."

Dattijon ya ce, "Na ji. Ka dawo jibi."

Duk a kunnen Maman Tabita aka yi wannan magana. Ta shiga ɗaki ta fara ɗaure tukwane a zani. Gwandar ma ta daina ba ta ruwa, don wa zai shayar da abin da katafila za ta take?

Ranar da aka yi alkawari, da hantsi, sai ga dattijon da matarsa, shi ɗauke da tsani, ita riƙe da bokitin fenti. Maman Tabita ta ce, "Shi ke nan, fenti ya iso." Ta koma ɗaki tana share hawaye. Tela kuwa ya tsaya kallo, don ya lura fentin ja ne, burushin kuma ƙarami, ba irin na shafe gida ba. Dattijon ya hau tsani, ya yi ta jan manyan baƙaƙe a bango.

Can sai tela ya ɗaga murya. "Maman Tabita, fito ki gani."

Ta ce, "Me zan gani? Gida uku na ga an yi wa fenti."

Ya ce, "Ba irin wannan ba. Ke dai fito."

Ta fito, ta ɗaga kai, ta karanta a hankali: WANNAN GIDA BA NA SAYARWA BA NE.

Daidai nan dillalin ya iso, ya karanta shi ma, ya cire waya daga kunne. Ya ce, "Baba, ka kuwa san abin da ka ƙi?"

Dattijon ya sauko, ya nuna masa babban yatsansa. Ya ce, "Ɗana, lokacin da awaki ke kwana a nan, ina kuke? Na sayi gidan nan ranar da ba mai so, ga shaida a hannuna. Ban gyara shi don in miƙa wa katafila ba. Mutanen da ke ciki nawa ne." Sai ya juya ya ce, "Maman Tabita, na ga gwandarki ta yi yaushi. Ki ba ta ruwa, ina jiran rabona."

Murna ta kama Maman Tabita, ga dariya ga kuka. Ta shiga taka rawa da matsamin ƙosai a hannu. Ranar ba ta karɓi kuɗin kowa ba, duk mai wucewa sai ta cika masa hannu, har dillalin, wanda ya ci biyar yana girgiza kai. Matar dattijon ta dubi bangon ta ce, "Maigida, rubutunka ya karkace." Ya ce, "Ai ana karantawa." Kafin azahar an kwance tukwane, gindin gwanda kuma ya jiƙe sharkaf.

Ma'anar wannan misali ita ce: kangon nan mu ne, ni da ku. Mai gidan shi ne Ubangiji Yesu, wanda ya neme mu tun ba mu da kyan gani, ya saye mu da ransa, tabon kuma yana nan a hannunsa. Dillalai su ne muryoyin duniya da ke yi wa mutum farashi, yau su ce kana da daraja don ka sami aiki, gobe su ce ba ka da ita don ka tsufa ko ka yi ciwo. Darajarmu a wurin Ubangiji ba ta hawa da sauka kamar kuɗin gidaje.

Amma da yawa a cikinmu muna zaune kamar Maman Tabita a kwanakin nan biyu. Muna zuwa sujada da kayanmu a ɗaure, muna jiran ranar da Allah zai gaji da mu. Da mun ga wani abu ya canza, sai mu ce fenti ya iso. Mun daina addu'a da sakin zuciya, mun daina shuka alheri, don muna tsammani ba za mu daɗe ba.

'Yan'uwa, wanda ya kwashe ƙazantar kangon da hannunsa ba zai sayar da shi bayan ya gyara ba. Ya riga ya rubuta a kanmu, da abin da ya fi fenti ja, cewa mu ba na sayarwa ba ne. Ku koma gida yau ku kwance kayanku, ku ba gwandarku ruwa, gama mai gidan yana jiran 'ya'yanta.