Ranar da Baba Sitiyari ya sake gyaran mota

Akwai wani tsohon direba da 'yan unguwarsu ke kira Baba Sitiyari. Rabin rayuwarsa a kan titi ya yi ta, har ana cewa da jin kukan inji yake gane abin da ke damun mota. Kwatsam ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Hannun dama ya yi nauyi, harshe ma haka.

Abin da ya fi ciwon ƙona masa rai shi ne yadda aka daina jiran maganarsa. Kafin ya haɗa kalma biyu wani ya ƙarasa masa, sau da yawa ma ba abin da yake nufi ba. Da ya ga haka sai ya ja bakinsa ya tsuke. Ya juya fuska bango, ya rage cin abinci, ya ce shi da zuwa gashin ƙashi a asibiti har abada.

Ƙaramar 'yarsa tela ce, kowa Auta yake ce mata duk da ta yi aure har da yara. Ita ke tuƙa tsohuwar motarsa yanzu.

Wata rana da damina tana hanyar zuwa gaishe shi, wata babbar mota ta watsa mata taɓo a gilashi. Ta ja sandar feshin ruwa, waifa ta motsa, amma ruwa ko ɗigo babu. Taɓon ya dame gilashin, gabanta ya koma duhu. Da salati da komai ta samu ta gangara gefen titi. Ga shi jiya-jiyan nan ta cika tankin ruwan.

Ta lallaba ta isa gidan mahaifinta. Babban wansu ya ji labari, ya ce, "Tankin ne ya fashe. Ki kai gareji a canza, ke da keken ɗinki kika saba."

Auta ta ce, "Yaya, ga bakanike a ɗaki, in tafi neman wani?"

"Wa? Baba? Haba Auta, ki bar bawan Allah ya huta."

Auta ta wuce shi. Ta shiga ɗakin, ta durƙusa a bakin gado. "Baba, motarka ta kusa kashe ni yau. Ruwan gilashi zuba yake yi, ban san ta ina ba. Ni ba zan bari wani ya taɓa ta ba sai kai."

Tsohon ya juyo, ya nuna ƙofa da hannunsa mai lafiya.

Aka ajiye masa kujera kusa da motar. Auta ta buɗe bonet ta tsaya tana kallon bakinsa.

"K… k…"

Yaya ya yi caraf ya ce, "Ƙarfe yake nufi, ko kuwa kii ɗin mota."

"Yaya, don Allah," in ji Auta, idonta na kan mahaifinta.

Baba ya numfasa, ya sake gwadawa. "Kwa… li."

Ta kawo kwali ta shimfiɗa a ƙarƙashin motar, ta sake cika tankin. Ba a jima ba ɗigo ya fara sauka a bayan tayar gaba. Da nuni da rabin kalma Baba ya sa ta karya sitiyari har ƙarshe, ta kwance robar da ke rufe da saman tayar. Sai ga tankin da ɗan famfonsa a fili, duk sun jiƙe.

"Ban faɗa ba?" in ji Yaya.

Baba ya girgiza kai. Wannan karon maganar doguwa ce, ta ci shi gumi. Auta na tsugune a ƙasa, zanenta ya sha ruwa, amma ko sau ɗaya ba ta sa masa baki ba.

"Goge… duka. Ruwa… ƙasa yake bi. Nemi… farkonsa."

Ta goge wurin da tsumma har ya bushe, ta riƙa bi da yatsa daga sama. Jikin tankin a bushe yake ƙayau. Jiƙar ta faro ne daga bakin siririn tiyon da ke fita daga famfo. Da ta lanƙwasa shi sai ga tsaga ta buɗe baki.

"Baba, na gan shi! Tiyo ne ya tsufa."

Tsohon ya ɗaga yatsu biyu ya yi alamar almakashi. Auta ta yi dariya. "Wannan kam sana'ata ce." Ta yanke wurin da ya tsage, amma sabon bakin ya ƙi shiga, ya yi tauri. Ta tura har yatsunta suka yi ja.

"Ruwan… zafi."

Ta tsoma bakin tiyon a kofin ruwan zafi, ya yi laushi, ya shige zuruf. Ta ɗaure shi tam da siririyar waya. Ta cika tanki, ta sa sabon kwali. Aka yi ta jira, kwali bai jiƙe ba.

Da ta ja sanda, famfo ya yi ƙara, bakin feshi ɗaya da ke gaban gilashi ya fesa, ɗayan ya toshe. Ta zaro allura daga gyalenta za ta soka, sai Baba ya miƙo hannu. Hannun dama, wanda ya daɗe a kan cinya kamar ba nasa ba. Ta tallafe shi ya miƙe, ta riƙe masa gwiwar hannu. Allurar ta faɗi, ta ɗauko. Ta sake faɗi, ta sake ɗaukowa. Daga ƙarshe ya soka ta a ɗan ramin bakin da ya toshe, ya jujjuya.

Auta ta koma ta ja sanda. Ruwan ya fito da ƙarfi, sai dai allurar ta karkatar da bakin, ya tsallake gilashi ya sauka a fuskar Yaya da ya matso leƙe.

Baba Sitiyari ya fashe da dariya. Dariyar a karkace take, amma tun daga ciki ta fito, har da hawaye. Mama, mahaifiyarsu, ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa.

Yaya ya share fuska, ya tsuguna a gaban tsohon. "Baba, yaya ake saita shi?" Ya tambaya, kuma ya tsaya ya ji amsar har ƙarshe.

Da yamma Auta ta zo yin sallama. Baba ya riƙo gefen gyalenta.

"Gobe… asibiti. Ki zo… da wuri."

Darasi: Wanda harshensa ya yi nauyi, ba iliminsa ne ya ƙare ba. Iyayenmu da suka tsufa ko ciwo ya kayar suna buƙatar magani, amma suna kuma buƙatar a nemi shawararsu, a jira su gama magana. Ka tura wa duk wanda ke da tsoho ko majinyaci a gida, wataƙila yau ya zauna ya saurare shi.