Sunan Gwaggo

An yi wani mutum a wani gari, can da daɗewa, mai gyaran ƙwarya, ana ce masa Ilu. Uwarsa ta rasu yana jinjiri, yayar mahaifinsa ce ta raine shi. Ita ba ta taɓa haihuwa ba. Shi ne ɗanta, shi ne abokin hirarta, har Allah Ya karɓi ranta.

Da matar Ilu ta haifi 'ya mace, sai ya je ya gaya wa liman zai yi wa Gwaggo takwara. Liman ya ce, "Madalla. Yaya sunanta?"

Ku saurara, jama'a. Ilu ya buɗe baki, babu suna. Shekara talatin yana ci daga hannun matar nan, bai san sunan yankanta ba. Don kunya da girmamawa, a gida kowa Gwaggo yake cewa, a unguwa kuma Ta-Kudu, saboda ɗakinta yana kudu. An yi ta sakaya sunan, an yi ta sakaya shi, har ya ɓace.

Ga ranar suna tana matsowa. Mahaifinsa kuwa ya daɗe da rasuwa. Ya bi tsofaffin unguwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce, "Ta-Kudu mana."

Wansa ya ce, "Kai dai akwai neman wahala. Ka ce Hauwa, ka ce Amina, wa zai ƙaryata ka? Ita ce za ta taso?"

Ilu ya ce, "Yaya, ba ta taɓa ba ni ruwa ta ce mini nono ne ba. Ni ma ba zan ɗauko sunan wata in ce nata ne ba."

Ana saura kwana biyu, wata mai daddawa ta ce masa akwai tsohuwa a hayin kogi, Dije, tare suka yi 'yammatanci da Gwaggo. Ya ajiye aikinsa, ya kama hanya a ƙafa. Ya tarar da ita ido ya tafi, tana ɓare gyaɗa a inuwa.

"Iya, ni ɗan Ta-Kudu ne."

"Wace ce kuma Ta-Kudu?"

Ya kwatanta mata: doguwa, mai wushirya, ba ta daka sai da waƙa.

Tsohuwa ta fashe da dariya. "Zulaihatu mai tsiwa ke nan. Ashe girma ya cinye mata suna." Sai dariyar ta koma hawaye. Ta ce, "Ɗan nan, faɗe shi in ji. Na daɗe ban ji shi a bakin kowa ba."

Ilu ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi. Can ya faɗa a hankali, karon farko a rayuwarsa. Ranar bakwai kuwa liman ya raɗa wa jaririya Zulaihatu.

To 'yan'uwa, takwara amana ce, ba a cika ta da ƙarya, ba a cika ta da ƙiwa. A cikinmu nan, mutum nawa ne ya san sunan kakar da ta goye shi? Kunya abu ne mai kyau, amma kada ta binne mana mutanenmu sau biyu. In akwai tsoho a gidanku, ku je yau ku durƙusa ku tambaye shi, tun yana iya amsawa.