Kurege Mabushin Kada

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da murhu.

Ta zo mu ji ta, Iya, in dai ba gajera ba ce.

Kurege ne kwaɗayin kifi ya hana shi sakat. Ga kifi jibge a rumbun Kada cikin kogi, amma da ya tsoma kai sai numfashi ya ƙare, ya fito yana tari.

Sai ya karyo karan ganyen gwanda, mai ramin nan a ciki. Ya sa gindin a baki, ya bar kan a sama yana shan iska. Ya kifa fuska cikin ruwa, yana iyo, yana kallon ƙasa, yana numfashi abinsa. Ya ga rumbu, ya ga Kada na barcin hantsi. Ya miƙa hannu ya zaro tarwaɗa.

Yau tarwaɗa, gobe tarwaɗa, jibi tarwaɗa. Rana ta huɗu kara ya yi yaushi. Bishiyar gwanda fa ga ta can bayan gona, amma malalacin nan ya ce ta yi nisa. Ya tsinci sarewar da wani makiyayi ya manta a gaɓa, ya ce, "Kara ai kara ne."

Ya faɗa ruwa. Ya ja numfashi, fiii! Ya saki, fuuu!

Kada ya farka, caraf ya cafke masa wutsiya. Ta cikin haƙora ya ce, "Wa ke kuka a kan ɗakina?"

Kurege ya cire sarewa daga baki. Ya ɗago kai ya ce, "Ranka ya daɗe, kuka? Busa ce! Kowane sarki da mabushinsa, kai kaɗai aka bari shiru. Abin ya dame ni, na zo."

Wayyo Kada, tun da aka haife shi ba a taɓa yi masa busa ba. Kurege ya busa, ya ɗora da kirari: "Mai kogi, angon ruwa, zarto ɗari a baki ɗaya!"

Daɗi ya kashe Kada. Ya wangale baki ya ce, "Ƙara!"

Wuf, Kurege yana gaɓa da wutsiyarsa.

Kada ya leƙo ya ce, "Mabushi, gobe ma za ka zo?"

"Daga nan tudu dai, ranka ya daɗe. Sarewa ba ta son jiƙa."

Har yau kullum safe Kada na ajiye masa tarwaɗa biyu a gaɓa. Kurege ya yi numfashinsa cikin sarewa, ya kwashe.

Ƙurunƙus kan tarwaɗa! In za ku shiga rumbun wani, ku duba karanku tukuna, kada ya kasance mai waƙa ne.