Ƙullin Ƙarya a Kan Dabino

An yi wani mutum a nan garinmu, ya 'yan uwa. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana raye, kuma ba a rufe masa ƙofar tuba ba. Wasunku sun san shi. Su kama bakinsu.

Mai hawan dabino ne. Daga nan har birnin Tozar, in ana lissafin gwanayen hawa, ba a kai mutum uku ba a ambace shi ba. Maraya ya tashi, a hannun wan mahaifinsa, Baffa Belgasem, mai lambun dabino tamanin a bakin magudanar ruwa ta yamma. Tsohon ne ya fara ɗaura masa igiyar hawa a ƙugu. Shi ya koya masa inda ake dafa ƙafa, da yadda ake kauce wa ƙaya, da yadda ake yi wa dabino barbara: ka ɗauki zangarniyar furen namiji, ka cusa ta a tsakiyar furen mace, ka yi bisimilla, ka ƙulle da ganyen zarba don kada iska ta fizge ta. Har irin ƙullinsa ya koya masa, ƙulli mai kunne biyu, wanda ko daga ƙasa aka ɗaga kai za a ce wannan aikin gidan Belgasem ne.

Da gwiwoyin tsohon suka gaza, sai ya miƙa masa lambun amana. Shi kuwa ya koma zaman tabarma a gindin itatuwa, da butar shayinsa, yana ɗaga kai yana tsokana.

"Kai biri! Ka yi bisimilla kuwa?"

"Na yi, Baffa."

"Da ƙarfi, mace ba ta son ango mai raɗa!"

Haka suke shekara da shekaru. To sai wasan waya ya shigo.

A nan zan tsaya in faɗi abin da wasu dattawanmu ba sa son ji. Wasan nan na waya, da yara ke kira gem, ba sharri ne zalla ba. Wanda ya ce haramun ne kawai ya juya baya, bai taɓa riƙe shi ba, kuma yaransa sun san bai sani ba, shi ya sa ba sa sauraronsa. Mutumin nan ya amfana da shi, kuma ni shaida ne. Shekarar da abokansa uku suka shiga kwalekwale za su ƙetare teku, biyu ba su kai ba, baƙin ciki ya kusa haukata shi. Wasan ne ya zaunar da shi a gida. Bai bi masu shan ruwan dabino mai bugarwa a bayan lambuna ba. Wasa ne na gina gari da yaƙi, ana haɗa runduna ta mutum arba'in daga ƙasashe dabam-dabam. A ciki ya tsinci Turancin da makaranta ta kasa ba shi. Ya koyi tsara mutane, ya koyi haƙuri da wawa, ya koyi shirya abu tun kafin ranarsa. Mutumin da a gari ba a kiransa sai in za a hau itace, a can shi ne shugaban runduna. Ana jiran maganarsa a Masar, ana jiranta a Turkiyya. Wa zai ce wannan ba daɗi?

Amma ku dubi ɗaya fuskar. Darar da kakanninmu ke yi a ƙasa tana ƙarewa. A share ƙasa, a karkaɗe riga, a tafi salla. Ƙwallon da ake bugawa a fili rana na faɗuwa an tashi. Wannan irin wasan kuwa ba a gina shi don ya ƙare ba. Akwai masu ilimi da aka zaunar a ofis, aikinsu kenan su gano yadda za a hana ka ajiye shi. In ka shiga yau akwai tukuici, in ka tsallake gobe ka rasa na jiya. In ka yi barci a ƙone maka gari. In ka makara mutum arba'in su ce ka ci amanarsu. Kuma lokacin yaƙi ba kai ke sa shi ba. Wani ne a wata ƙasa, wanda bai taɓa ganin itacen dabino ba, ya ce ranar kaza, ƙarfe kaza.

Matar tsohon, Inna Sasiya, ita ta fara lura. Ta ajiye wa mutumin kwanon kuskus ya huce a gabansa, yatsansa na kan gilashin waya.

"Wai ni kam, matar nan da ke cikin wayarka yaushe za a kawo mana ita mu gani?"

"Inna, aiki nake."

"Aiki! Allah ya ba mu irin aikin da ake yi a kishingiɗe."

Baffa ya ce ta ƙyale shi. "Ba ya sha, ba ya yawo, ga shi a gabanmu. Me kuma kike so?"

Ya 'yan uwa, sau nawa kuka faɗi wannan magana a gidajenku? Ga shi a gabanmu. Jikinsa ne a gabanku. Kun taɓa tambayar inda sauran yake?

A shekarar da abin ya faru, zafi ya zo da wuri. Furannin da suka saba tsagewa ɗaya bayan ɗaya, su ba mai hawa sarari, sai suka buɗe kusan gaba ɗaya a farkon Maris. Kun san dokar abin. Furen mace 'yan kwanaki yake jira. In sun wuce, ko buhun namiji ka zuba masa ba ya karɓa, sai baɗi. Gari duka ya koma sama. Ko'ina ka juya salati kake ji daga kan itatuwa.

A wannan makon ne masu wasan suka sa babban yaƙin shekara. Kwana tara. Kullum karo uku: da hantsi, da azahar, da la'asar.

Bai yi niyyar cin amana ba. Ina so ku riƙe wannan, domin babu wanda ke farka da safe ya ce yau zan rushe kaina. Cewa ya yi zai haɗa biyun. Ya sa wayar a aljihun ƙirji ya hau. Da ya kai sama sai ya ga abin da bai taɓa lura da shi ba: a kan dabino sabis ya fi ƙarfi fiye da ko'ina a garin. Ya gyara zama a tsakanin zarba, ya jingina da igiya, ya ce karo ɗaya kawai. Ya ɗaga kai rana ta yi tsaka. Itace biyu ya yi, a ranar da ya saba yin goma sha biyar.

Daga ƙasa tsohon na murna. "Kin gani, Sasiya? Yaron nan ya fara natsuwa. Yanzu ba ya gaggawa."

Rana ta biyu furen namijin da ke hannunsa ya ƙare. Sai an je kasuwa da sassafe an zaɓo sabo, an shinshina, an yi ciniki, kuma lokacin ne na shirya runduna. Ya tsaya a gindin itace da jakarsa wayam. A nan Shaiɗan ya kawo masa shawara mai kama da hankali. Ya ce: hau ka ƙulle su haka nan, tsoho ya ga ƙulli hankalinsa ya kwanta. In an gama yaƙi ka dawo ka kwance, ka sa namiji, ka sake ƙullewa. Wa ya cutu?

Ya hau. Ya tsinki ganyen zarba, ya tattara furen, ya yi ƙulli mai kunne biyu a kan babu. Ƙullin wofi ba ya cin lokaci. A wuni ɗaya ya gama itace ashirin, kuma bai rasa karo ko ɗaya ba.

"Ka yi bisimilla kuwa?"

Ya ce, "Na yi, Baffa."

A rana ta huɗu Allah ya aiko masa da mafita. Munsif, wani mai hawa da suka tashi tare, ya gama lambunan da ke hannunsa, ya biyo ta wajen da ragowar furen namiji a kafaɗa.

"Shugaban runduna! An ci garin ne ko har yanzu ana kan ganuwa? Ga ragowa, in kana so in kama maka layin baya, kafin magariba mun share shi."

Kalma ɗaya ta rage tsakaninsa da tsira. Da ya ce, Munsif, na yi abin kunya, zo mu hau, da an ceci fiye da rabi, da maganar ta mutu tsakanin mutum biyu. Amma in Munsif ya hau zai ga ƙullin. Ya dubi tsohon a kan tabarma, ya dubi abokinsa, ya ce, "Na gama nawa tun jiya. Kai dai ka makara."

"A'a, lallai! To Allah ya sa albarka."

Ku lura da kyau, ya 'yan uwa. Wasa ne ya ci masa kwanaki, amma ba wasa ne ya yi wannan maganar ba. Shi ne.

Rundunarsa ta ci yaƙin. Aka rubuta sunansa da ruwan zinariya a kan allon da ba a taɓawa. Washegari ya tafi kasuwa ya sayo namiji mafi kyau, ya hau itatuwan ɗaya bayan ɗaya, ya kwance, ya cusa, ya ƙulle, har tafin hannunsa ya fashe. Bai taɓa aiki irin na waɗannan kwanaki ba. Amma yana buɗe furen yana ganin bakinsa ya riga ya bushe ya yi duhu. Ya san ma'anar haka, tun yana ɗan shekara goma ya sani. Sai dai shekara uku yana zaune a duniyar da in ka faɗi ake ce maka sake gwadawa, har zuciyarsa ta fara zaton haka Allah ya tsara kowane abu.

Daga nan sai jira. Wata biyu yana cin abinci a kwano ɗaya da tsohon, yana jin sa yana rabon amfanin da bai zo ba: nonon dabino na farko na masallaci, kamar kullum, na biyu na maƙwabta, na uku a aika wa 'yarsa da ke aure a birnin Safakis. "Na ga kaka saba'in da wani abu," in ji shi, "ban san saura nawa ba. Amma ta bana, jikina na ba ni, za ta yi kyau." Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce in Allah ya so.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Dabinon da bai sami namiji ba ba ya ƙin haihuwa, ya 'yan uwa, nan ne abin tsoron. Yana haihuwa, amma 'ya'ya uku-uku a manne, ƙanana, ba ƙwallo a ciki, ba sa nuna, ko awaki sai sun rasa abin ci suke taɓa su. Da zafi ya kankama, lambunan maƙwabta suka yi nauyi, na Belgasem ya fito da shaidarsa a sama inda kowa ke gani. Itace goma sha ɗaya ne kawai suka yi 'ya'yan kirki.

Wata safiya tsohon ya sa Munsif ya hau ya yanko masa zangarniya ɗaya. Ya ciri ɗa guda, ya matse shi tsakanin yatsu biyu, ya buɗe. Ba komai. Ya ciri na biyu. Ya ciri na uku. Mutane sun fara taruwa a bakin magudana. Wani ya ce ƙila namijin ne bai da kyau, wani ya ce iska ce. Tsohon bai kula su ba. Ya kira ɗan ɗan'uwansa, ya tambaye shi a hankali, ba faɗa.

"Ranar da na tambaye ka bisimilla, a kan me ka yi ta?"

Tsohon ya ci gaba.

"Da ka bar su a buɗe, da na gani daga nan inda nake zaune. Da na rarrafa na nemo mai hawa. Shekara takan lalace, ɗana, na ga fari, na ga fara, na ga ruwan da ya ruɓar da kaka guda. Ba dabinon ba ne. Ƙullin nan ni na koya maka shi. Ubana ya koya mini. Shekara sittin in mutum ya gan shi ba ya sake tambaya."

Ya miƙa hannu. Mutumin ya kwance igiyar hawa daga ƙugunsa ya ba shi.

Ba wanda ya kai shi ƙara, ba wanda ya zage shi a hanya. Kawai ba a sake kiransa ba. Mai hawa ba shi da jari sai yarda, domin aikinsa a sama yake inda mai lambu ba ya gani. Wa zai ba ka itacensa bayan haka? Ya kashe wayar mako guda don kunya. Da ya kunna, ya tarar rundunar ta naɗa wani shugaba tun kwana na biyu. Mutum ɗaya ne cikin arba'in ya rubuto: ina ka shiga?

Da kaka ta zo, maƙwabta suka riƙa aiko wa Baffa Belgasem da dabino a faranti, lulluɓe da ƙyalle don kada ya ji nauyi. Shi da ya shekara hamsin yana aika wa mutane. Ya karɓa, ya yi godiya, ya ci. Sanyin wannan shekarar bai bar shi ba. Kakar da aka ƙulle a kan babu ita ce ta ƙarshe da ya gani.

Mutumin yana bakin teku yanzu, yana dakon akwatunan dabinon wasu a wata ma'ajiya. Ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun baya. Inna Sasiya ta aika a ba shi igiyar, ta ce marigayin bai hana ba. Ya riƙe ta, ya mayar, ya ce hannunsa bai cancanta ba tukuna.

To, ya 'yan uwa, ban ce ku fasa wayoyinku ba. Ni ma ina buga ƙwallon waya da ƙannena ranar Juma'a bayan la'asar, mu yi dariya, mu tashi. Wasan da kake iya ajiyewa in an kira ka, hutu ne, kuma rai na da haƙƙin hutu. Wanda ke yanka maka lokaci, ya ce ga sa'ar da za ka zo, wannan ya tashi daga wasa ya zama ubangida. Alamarsa ɗaya ce, kuma ba ta ɓuya: ranar da ka fara yin ƙarya dominsa.

Ku iyaye, ku daina cewa ga shi a gabanmu. Ku zauna kusa, ku tambayi me yake bugawa, da wa, kuma yaushe yake ƙarewa. Ku matasa, kowannenku akwai furen da ya buɗe yana jiransa: uwa da ta tsufa, karatu da ke da shekarunsa, yaro da ke son ubansa ya ɗago kai. Waɗannan ba a sake gwada su. Kuma in har ka riga ka yi ƙullin wofi, yau rana ta huɗu ce, Munsif na tsaye a ƙasa. Ka buɗe baki.

Allah ya kiyaye mu daga wasan da ke cin amana, da ƙullin da ba komai a cikinsa. Ya jiƙan Baffa Belgasem, ya karɓi tuban ɗansa, ya sa ranar da za a buɗe ayyukanmu a tarar da ƙwallo a ciki. Amin.