Abin da Auta Ta Gani a Idon Mahaifinta

Akwai wata baiwar Allah da kowa a gidansu yake kira Auta, duk da ta girma har tana karatun digiri na biyu a jami'a.

Mahaifinta direba ne. Doguwar bas ɗin wani kamfani yake ja, ya kwaso ma'aikata da safe, ya mayar da su da yamma. Abokan aikinsa Sannu-Sannu suke ce masa, don ko gobara ake yi ba ya taka mota. A kan sitiyari ya yi furfura, kuma babban abin alfaharinsa a duniya shi ne bai taɓa ko gogar motar wani ba.

Ita kuma Auta a kan direbobi take bincikenta. So take ta gano ina idon direba yake zuwa idan ya tunkari mahaɗar hanya, da yadda yake saurin taka burki in abu ya ɓullo masa ba zato.

A makarantarsu akwai wani ɗaki da aka ajiye rabin mota. Ba taya, ba inji. Kujera ce da sitiyari da burki, sai manyan allunan talabijin a gaba da gefe da gefe, suna nuna titi kamar gaske. Direba zai zauna, a sa masa wani tabarau mai bin ƙwayar ido, ya yi ta tuƙi. Auta tana gefe tana kallon kwamfuta. Duk inda ya kalla, wani jan ɗigo yana nuna mata.

An tsara abin yadda babur ko mai tafiya a ƙasa zai leƙo daga gefen titi ya tsaya. Ba a karo. Aikin direba kawai ya taka burki da zarar ya gan shi.

Samun direbobin da za su yarda a gwada su ne ya ba ta wahala. Da mahaifinta ya ji, sai ya ce, "'Yata za ta zama malamar direbobi, a ce kuma ubanta bai je ajinta ba?" Shi ya tattaro mata abokan aikinsa, shi ya fara zuwa, da sabuwar riga.

Yana shiga ɗakin ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Auta, wane marar imani ne ya raba motar nan biyu?"

"Haka aka ƙera ta, Baba."

"To ta ina ake zuba mata mai?"

"Wuta take sha."

"Ashe dai tana ci. Na ɗauka ita ma azumi take yi irin na ɗalibai."

Ya zauna, ya gyara madubi duk da ba abin gyarawa, ya yi bismilla, ya fara tuƙi. Auta tana kallo tana jin daɗi a ranta. Hannunsa a natse, ƙafarsa a natse. Da wata mata ta leƙo daga hagu, kafin ka ce me ya taka burki, ya ma fi samarin da ta gwada sauri.

Sai babur ya leƙo daga dama.

Jan ɗigon bai motsa ba. Ƙafar Baba ba ta motsa ba. Ya wuce abinsa yana 'yar waƙa a maƙoshi.

Auta ta ce a ranta na'urar ce. Ta zo ta gyara masa tabarau, ta sake kunnawa. Wani mutum ya leƙo daga dama da kaya a ka. Shiru. Wata mota ta sako kai daga dama. Shiru. Duk abin da ya zo ta hagu yana gani. Duk abin da ya zo ta dama, sai ya shigo tsakiyar titi sannan idonsa yake kama shi.

Auta ta ƙura wa kwamfutar ido. Wannan fa karatunta ne, ta san abin da take kallo.

Baba ya fito yana miƙa, yana murmushi. Abokan aikinsa suna zaune a bakin ƙofa suna jiran layi.

"To Malama, na ci ko na faɗi?"

Ta dubi sabuwar rigarsa, ta dubi mutanen da ke bakin ƙofa.

"Ka ci, Baba."

"Da ma," in ji shi. Ya juya wajen abokansa. "Ku shiga ku gwada sa'arku, amma kada wanda ya sa ran kamo ni."

Da yamma ta iske mahaifiyarta a kicin tana wanke-wanke. Ta jawo ƙofa ta faɗa mata komai.

Umma ta juyo, hannunta yana cikin ruwan kumfa.

"Kin tabbata?"

"Na tabbata, Umma. Ba ya gani ta gefen dama."

"Mutumin da yake karanta rubutun jikin magani ba tabarau?"

"Gaba yana gani sarai. Gefen ne."

Umma ta share hannu a zani. Ta ce, "Ki ji ni da kyau. Motar nan ita ce mutuncin ubanki. Ranar da aka karɓe makullin nan, rabinsa aka binne. Kuma a ce 'yar cikinsa ce ta jawo, da na'urar da shi ya kai kansa don ya taimake ki? Ki bari a samu lokaci. Ni na san yadda ake shigar masa da magana."

"Yaushe, Umma?"

"Ki bar ni dai. Hanyar nan ai ya san ta kamar yunwar cikinsa. Allah zai tsare."

Auta ta bar maganar. Gaskiyar magana, sauƙi ta ji a ranta da aka ce ta bari.

Bayan 'yan kwanaki malamar da ke duba aikinta ta zauna suna bin sakamakon tare. A binciken ba a rubuta sunan kowa, saboda haka malamar ba ta san na wane ne ba. Ta tsaya a kan na Baba, ta sauke tabarau.

"Wannan fa? Me ya sa kika ware shi gefe?"

"Ina ga na'ura ce ta samu matsala ranar."

"Na'urar da ke lalacewa ta dama kaɗai?" Malamar ta girgiza kai. "Ki cire shi daga lissafinki in kin ga dama, amma ki nemi mutumin nan yau ki ce ya je asibitin ido. Mu ba likitoci ba ne, amma in mun ga irin wannan wajibi ne mu faɗa. Wannan ya fi digirinki muhimmanci. Kin ji?"

"Na ji, Malama."

Kada ku ce ba ta gwada ba. Ta gwada.

Wata ranar hutu da hantsi Baba yana zaune a tsakar gida yana goge takalminsa. Ta durƙusa kusa da shi.

"Baba, da mun je an ɗan duba maka ido. Ka san shekaru."

Ya ɗago ya dube ta. Ya ƙwala wa Umma kira ta kawo allura da zare. Ya lashi bakin zaren, ya zura shi tashi ɗaya, ya ɗaga sama.

"Ke da kike sa tabarau tun kina firamare, ke za ki kai ni asibitin ido? Kura za ta ce da kare maye."

Umma ta yi dariya. Auta ma ta yi.

"Kuma ai rabin motarki ta ce na ci," in ji shi. "Ko ba ta ce ba?"

Nan ne wurin. Ƙofa ce Allah ya buɗe mata, kalma ɗaya ta rage. Ta dubi Umma. Umma ta ɗan girgiza kai.

"Ta ce, Baba."

Daga nan sai gidan ya koyi wata sabuwar ɗabi'a ba tare da kowa ya furta ba. Baba ya bugi bakin ƙofa da kafaɗar dama, sai Umma ta ce ƙofar ce ta yi ƙunci. Ya ture kofin shayi, sai aka koma ajiye masa ta hagu. Auta ta janye ƙaramin teburin falo daga hanyarsa. Kowa yana gyara masa gida, amma titi ba wanda zai iya gyara masa.

Kullum da safe in ta ji ƙarar fitarsa, sai ta bi shi da addu'a. Kullum da yamma in ya yi sallama, sai ta ce to, yau ma Allah ya tsare, gobe zan faɗa. Tana zaune tana rubuta babi guda a kan haɗarin direban da ba ya gani ta gefe, da hujjoji masu kyau, har malamarta tana yabawa.

Wata safiya tana ɗakin rabin motar aka kira ta a waya.

A wata mahaɗar hanya ne kusa da kamfanin. Wani magidanci mai kai burodi shaguna a kan babur ya fito ta dama, kuma shi ke da hanya. Baba ba gudu yake yi ba, ai kun san shi. Amma bas bas ce. Likitoci sun ceci ran mutumin, sai dai sun ce ƙafarsa ba za ta ƙara ɗaukarsa kamar da ba.

Auta ta iske mahaifinta zaune a kan benci a asibiti, ba hula. Magana ɗaya yake ta maimaita wa duk wanda ya zo.

"Wallahi ban gan shi ba. Na duba. Kamar daga ƙasa ya tsiro."

Wasu suka ce barci ya ɗauke shi. Wasu suka ce waya yake dannawa, mutumin da ko amsa kira ba ya yi a kan hanya.

Kamfani ya tura shi gwajin ido. Likita ta ce hawan jinin ido ne ya kama idonsa na dama. Ta ce ciwon ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, daga gefe yake cin gani a hankali. Abin da ya ci ba ya dawowa. Ta ce da an zo da wuri, maganin ɗigawa zai iya riƙe da yawa daga abin da ya tafi a 'yan watannin nan, kuma yanzu ɗaya idon ma ya fara taɓuwa.

Aka karɓi makullin. Abin da Umma take gudu ya zo, kuma bai zo shi kaɗai ba.

Baba ya koma zaman falo. Abinci sai an matsa masa. Wata rana da la'asar Auta ta kawo masa ruwa, sai ya ce, "Abin da ke ba ni mamaki, na'urarku ma ba ta gano ba. Ki gaya wa malamanku su gyara ta, kada ta cuci wani."

Auta ta ajiye kofin. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Ta gano, Baba."

Ya dube ta. Ta ci gaba.

"Tun ranar farko ta gano. Ba ka ci ba. Ni na ce ka ci."

Umma tana bakin ƙofa ta ce, "Ni na hana ta. Laifina ne."

Baba ya juya kansa gaba ɗaya don ya ga matarsa, saboda ta dama take tsaye. Ya juyo ya dubi 'yarsa. Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da ta fi samun sauƙi.

"Me kuka ji tsoro?"

"Kada ranka ya ɓaci," in ji Auta. "Na ga yadda kake son aikin."

Ya jinjina kai a hankali.

"Da kin faɗa, da raina ya ɓaci. Na san halina. Da na ce boko ya sa kin raina ni, da na daina amsa gaisuwarki na wani lokaci." Ya numfasa. "Amma Auta, fushina ai ba ya karya ƙafar mutum."

Ta kifa kai a gwiwa tana kuka. Ya bar ta ta yi mai isarta.

Can ya ce, "Tashi ki ɗauko min hulata. Za mu je wajen bawan Allahn nan. Yana da iyali, kuma har yanzu yana zaton ganganci na yi masa. Abin da kika faɗa min, shi ma za ki faɗa masa da bakinki."

Ta tashi ta ɗauko hular. Suka fita a ƙasa zuwa inda ake shiga mota, tana riƙe da hannun rigarsa. Da suka zo tsallaka titi, Sannu-Sannu ya tsaya ya jira 'yarsa ta ce masa su wuce.

Darasi: 'Yan uwa, ba duk shiru ne ladabi ba, kuma ba duk rufa asiri ne ƙauna ba. In Allah ya nuna maka abin da zai cutar da naka ko ya sa ya cutar da wani, ka faɗa masa cikin girmamawa tun da sauran lokaci, ko da zai yi fushi. Fushi yana hucewa, amma ido da ƙafa ba sa dawowa. Mu iyaye kuma mu daina toshe bakin 'ya'yanmu in sun zo da abin da suka karanto. Duk mai uba ko miji ko ɗa da ke tuƙi, don Allah a lallaɓa shi a duba masa ido. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa, wataƙila akwai gidan da ake ta ajiye wa wani kofi ta hagu ana shiru. Allah ya tsare mana namu a kan hanya.