Hannun da Ya Saba da Karkataccen Zarto

Ranar Lahadi, goma sha shida ga watan Maris, aka ci mutuncin wani dattijo a cikin wannan majami'a, a gaban idonmu duka, har yau kuwa ba wanda ya ce uffan a fili. Zan zo kan maganar. Ku fara jin misali tukuna.

Akwai wani mutum, maigida, wanda ƙarfin noma ya ƙare masa, 'ya'yansa maza biyu suka karɓi gonar. A zaurensa yana da wani ƙaramin zarto na inji, irin wanda ake takawa da ƙafa kamar keken ɗinki. Bakin zarton siriri ne kamar tsinken tsintsiya, yana hawa yana sauka. Da shi mutumin yakan yanka siffofin dabbobi a jikin katako marar kauri: tumaki da jakuna da raƙuma, wani lokaci har zakara da zankonsa. Ba ya sayarwa. Yakan zana dabbar da fensir, ya bi layin da zarto, ya goge gefen ya yi sumul, sa'an nan ya ba yaran unguwa in sun zo gaishe shi. Abin da ya rage masa ke nan na jin daɗin ransa.

Zarton nan ya tsufa tare da shi. Ƙarfen da yake riƙe bakin ya cinye, bakin ya riƙa karkata hagu kaɗan-kaɗan, shekara bayan shekara. Mutumin bai daina aiki ba, gama ba shi da halin sayen wani. In zarton ya ja hagu, sai ya murɗa katakon da hannunsa ya tare shi, yankan ya bi layi daidai. Yau da gobe hannun ya saba da murɗawar, har yakan yi ta ba da sanin mai shi ba.

Ana nan wata rana ƙarfen ya karye. Mai walda ya juya shi, ya ce ba sauran wurin da zai kama.

'Ya'yan suka ji tausayin mahaifinsu. Bayan girbi suka tafi birni, suka sayo masa sabo fil, irin na dā, suka kafa a zaure, suka kira maƙwabta su zo su gani. Tsohon ya yi murna ƙwarai, ya sa musu albarka. Ya zana raƙumi, ya taka injin. Amma sabon zarton ba ya karkata, hannun kuwa ya murɗa katakon kamar yadda ya saba, sai bakin ya bar layi ya datse wuyan raƙumin. Ya sāke gwadawa da tunkiya, ita ma ta fito da gajerun ƙafafu, ba kai.

Wani maƙwabci ya ɗaga ta sama ya ce, "Baba, wannan tunkiya ce ko kujerar tsugunno?" Aka tuntsire da dariya.

Kunya ta kama babban ɗan. Ya ce da ƙarfi, "Ashe ba zarton ne ya tsufa ba. Baba, hannunka ne ya ƙare. Ka huta haka nan, kada ka lalata sabon abu." Ya lulluɓe injin da buhu, ya kai ɗakinsa ya kulle.

Tsohon ya ce, "To, ɗana."

Tun daga ranar yakan zauna a ƙofar zaure hannu a cinya. Yara su gaishe shi, ya amsa, ba abin da zai miƙa musu. Abinci ma sai ya taɓa kaɗan ya ture.

Matarsa tana kallo. Wata rana da aka ajiye masa tuwo, ta kira babban ɗan gefe ta ce, "Tsaya nan, ka dubi hannun ubanka." Tsohon ya tura kwanon gaba, sai ga kwanon ya juya kafin ya tsaya. Ta ce, "Ka gani? Ko kwano zai tura, sai ya murɗa shi. Tun kuna goye yake kokawa da wancan zarto, shi ya koya wa hannunsa haka. Duk dabbar da kuka yi wasa da ita, da murɗar nan aka yanka ta. Shi ne kuka ba shi hantsi guda, kuka yanke masa hukunci?"

Ɗan ya sunkuyar da kai. Ya tafi ya ɗauko injin, ya mayar zaure, ya bi gida gida ya kira maƙwabtan da suka yi dariya. Ya durƙusa a gabansu ya ce, "Baba, a nan na faɗi maganar, a nan nake janye ta. Ka yafe mini."

Tsohon ya ce, "Tashi. Ka nemo mini katako da yawa, gama zan ɓata da yawa."

Ya kuwa ɓata, matarsa ta yi ta hura wuta da su. Amma kafin ruwan shuka ya sauka, ya yanka raƙumi da wuyansa lafiya lau.

Ma'anar wannan misali ita ce: tsohon zarton shi ne kwanakin rashi. Hannun da ya saba da murɗawa shi ne duk wanda ya yi wa Ubangiji hidima a cikin rashin nan, har hidimar ta bar masa tabo a jiki. Sabon zarton alheri ne daga Allah, ba laifi a saye shi. Laifin shi ne a ga tabon, a ce mutumin ya ƙare.

Yanzu ku saurara. Dattijon da na ambata da farko, Baba Yunana, ya fara karanta mana Nassi tun majami'ar nan ba ta da lasifika. In ruwa yana dukan kwanon rufi, ko masu jego sun fita da jarirai gindin mangwaro, shi yakan ɗaga murya har na waje su ji. Mu muka ce masa ya ƙara ɗagawa, ya ƙara. Da muka sayi lasifika, a waccan Lahadin aka miƙa masa makirufo ba tare da an nuna masa komai ba. Ya karanta yadda ya saba, na'urar ta yi ƙara, matasa suka toshe kunne suna dariya. Bai kai ƙarshen aya ba, sakataren ikkilisiya, Filibus, ya hau ya zare makirufon daga hannunsa, ya ce a cikin makirufon, kowa yana ji, "Baba ya gaji, bari yara su taimake shi." Tun daga ranar Baba Yunana yake zama a bencin baya kusa da ƙofa, yana fita kafin addu'ar sallama.

Na kai maganar gaban dattawan ikkilisiya, aka ce mini an riga an wuce wurin. Ba a wuce ba. Mutumin yana nan, ku waiwaya ku gan shi.

Filibus, ɗana, na koyar da kai a firamare, na san ba mugu ba ne kai. Kunya ce ta kama ka, kamar babban ɗan nan. Amma gaisuwa a gida da buhun shinkafa ba za su wadatar ba. A gaban jama'a aka ƙasƙantar da shi, a gaban jama'a za a nemi gafararsa. Lahadi mai zuwa, lokacin sanarwa, ka tsaya a inda ka tsaya, dattawa a bayanka, waɗanda suka yi dariya su miƙe tsaye. Ka ce, "Baba Yunana, mun yi maka laifi, ka yafe mana." Sa'an nan ka nuna masa yadda ake nisanta makirufo da baki, ka bar shi ya ƙarasa ayar da ka katse masa. In na'urar ta sāke yin ƙara, mu zauna mu jure, har muryarsa ta saba.