Notin Da Royce Ya Ƙi Sawa

Akwai wani mutum a gefen dutsen da ke bayan birnin Denver, sunansa Royce Tillery. Shi ne shugaban masu zana rimot a wani kamfanin talabijin na tauraron ɗan'adam, irin rimot ɗin da ake haɗo maka da dikoda ranar da aka zo kafa dish a rufin gidanka.

Ya iya aikinsa, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Shekara ashirin da biyu yana yi. Amma zuciya gare shi, kuma hannunsa ya fi bakinsa sauri. In aka kawo masa samfurin da bai yi masa ba, da bango yake haɗa shi. Waɗanda ke ƙarƙashinsa har sun saba, da zarar ya miƙe tsaye sai kowa ya duƙar da kai.

A wannan shekarar ya zana wani rimot da yake ji da shi. Siriri ne, baƙi wuluk, sumul, babu noti ko ɗaya a jikinsa. Saboda sirantarsa batir na yau da kullum ba ya shiga, sai ɗan faifan batir ɗin nan mai ƙyalli, girman maɓallin kwat.

Sai dai ba a fara ƙera komai a kamfanin sai an sami sa hannun mai gwaji, wani dattijo ɗan shekara sittin da uku mai suna Anselmo Baca. Aikinsa ke nan a ɗakin ƙasa na benen kamfanin: ya saki rimot a siminti, ya zuba masa kofi, ya taka shi, ya ga abin da zai faru.

Wata ranar Talata da hantsi Royce ya sauko da kansa.

"Tsoho, kwana tara takardata na wajenka. Biro ka rasa?"

"Yallaɓai, wannan ba zan sa masa hannu ba," in ji Anselmo. "Sau goma na sake shi daga tsayin kujera. Sau bakwai murfin bayansa ya fice, batir ya gangara ƙasa. A sa masa ɗan noti guda ɗaya, shi ke nan."

"Noti? A bayan wannan? Ka taɓa zana ko cokali a rayuwarka?"

"Ban taɓa ba. Amma gidaje wannan abin zai shiga, kuma gidaje da yara. In yaro ya haɗiye batir ɗin nan ya maƙale masa a wuya, ƙona naman yake yi. Awa biyu ta isa."

"To iyaye su kula da 'ya'yansu. Sa hannu."

Anselmo ya tura takardar gefe.

Royce bai san lokacin da hannunsa ya tashi ba. Da gindin rimot ɗin ya kai wa dattijon duka a baki. Haƙora biyu na gaba suka karye. Kafin Anselmo ya dawo hayyacinsa, Royce ya shaƙe masa kwala ya hankaɗa shi, haƙarƙarinsa ya daki bakin teburin ƙarfe, ya zube ƙasa. Jini ya jiƙe masa gaban riga.

Bai rama ba. Ya dafa teburin ya miƙe a hankali, ya tofar da jini a kwandon shara.

"Ka gama?" ya tambaya. "Har yanzu dai murfin fita yake."

Babu wanda ya ga abin da ya faru. Royce ya hau sama ya ce tsohon santsi ya kwashe shi, dama hannunsa ya fara rawa, ya kamata a hutar da shi. Anselmo ya faɗi gaskiya, amma manya suka zaɓi maganar wanda suke ganin ya fi yi musu amfani. Cikin mako guda aka sallami dattijon, wani ya sa hannu, aka tsayar da ranar fara ƙerawa.

Royce ya ɗauki samfurin farko ya kai gida, ya haɗa shi da dikodarsa.

Ran Lahadi da rana 'yarsa Darcy ta zo da mijinta Wade, wani ƙaton mai aikin rufin gidaje, da 'yarsu Josie mai shekara biyu da rabi. An dafa wake da nama mai yaji, an soya fukafukan kaji, ana kallon ƙwallo. Josie na ƙasa a kan kafet tana wasa.

Saura daƙiƙoƙi a tashi aka ci ƙungiyar Royce. Ya zagi alƙalin wasa, ya ɗaga rimot ya maka shi da dutsen murhun ɗumama falo. Rimot ya tarwatse.

Wade ya yi dariya. "Suruki, ashe gwajin har gida kake kawowa."

Royce ya tsince ɓaraguzan yana huci. Bai ga batir ba. Ya ce a ransa ya shige ƙarƙashin kujera, ya wuce kicin neman abin sha.

Bayan kamar minti ashirin Darcy ta ce, "Baba, ka ba yarinyar nan yaji ne? Dubi yawu."

Josie na zaune tana dafe da wuya, yawu na zuba, tana yunƙurin amai ba ya fitowa. Royce ya kifar da doguwar kujera, ya yaye kafet, ya rarrafa har bakin murhu yana lalube. Babu batir.

Daga gidan zuwa asibiti tafiyar minti arba'in ce. Mutum ɗaya ne ya faɗo masa a rai. Ya danna lambar, ya buɗe muryar wayar kowa na ji.

"Anselmo, ni ne. Jikata... ina jin ta haɗiye."

Da muryar Anselmo ta zo, iska na fita ta giɓin haƙoran.

"Batir ɗin rimot ɗin da na ce a sa wa noti?"

"Shi."

"Shekarunta nawa? Tana numfashi? Tana iya haɗiya?"

Darcy ta fizge wayar ta ba shi amsa.

"'Yata, saurare ni da kyau. Kar ku sa ta amai, kar ku ba ta abinci. In akwai zuma a gidan ki ɗauko, tunda ta wuce shekara ɗaya. Ƙaramin cokali biyu yanzu, ki riƙa ƙara mata duk minti goma a mota. Ba magani ba ne, lokaci kawai zai saya muku. Ku wuce babban asibitin yara kai tsaye. Ni zan kira su in gaya musu irin batir ɗin da girmansa, su shirya kafin ku iso."

Wade ne ya ja motar. Duk hanya sau ɗaya kawai ya kalli surukinsa ta madubi.

Suna isa aka karɓe yarinyar da gudu. Hoto ya nuna batir ɗin a maƙale a wuyanta, aka shige da ita ɗakin tiyata. Wade ya taɓa kafaɗar Royce.

"Zo waje, magana za mu yi."

A wurin ajiye motoci ya tsaya ya juyo.

"Mutumin nan ya ce maka a sa noti?"

"Ya ce."

"Ya gaya maka abin da batir ɗin ke yi wa yaro?"

"Ya gaya mini."

Naushin farko ya fasa masa hanci. Na biyu ya kai shi ƙasa tsakanin motoci biyu. Wade ya danne shi da gwiwa a ƙirji yana kirɓarsa, yana kiran sunan 'yarsa da kowane duka. Royce ya ji ƙashin kuncinsa ya ba da ƙara, jini ya cika masa maƙogwaro. Bai kare fuskarsa ba.

Sai wani ya rungumo hannun Wade ta baya ya rataye a jiki. Wade ya fizge, gwiwar hannunsa ta sami mutumin a haƙarƙari, ya yi nishi amma bai saki ba. Anselmo ne, ya biyo su asibitin.

"Ɗana, ya isa. In ka kashe shi 'yan sanda za su tafi da kai. Yarinyar nan za ta farka ta nemi ubanta. Tashi ka koma wajen matarka."

Wade ya tashi yana kuka, ya koma ciki.

Anselmo ya zauna a ƙasa yana dafe da gefen ƙirji, ya miƙa wa Royce hankici.

"Me ya sa ka ɗauki wayata?" Royce ya tambaya da kumburarren baki.

"Na kusa ƙin ɗauka. Sai na ce mutum irinka ba zai kira ni ran Lahadi don gaisuwa ba."

An ciro batir ɗin, amma ya riga ya ƙona ta. Likita ta ce da sun ƙara jinkiri, ko da ba a shirya kafin su iso ba, da labarin ya sha bamban. Wata biyar Josie ta yi ana ba ta abinci ta roba a ciki.

Washegari Royce ya shiga ofis da fuska a kumbure, ido ɗaya a rufe. Ya tara kowa a ɗakin taro, ya ce a dakatar da ƙera rimot ɗin. Sannan ya faɗi abin da ya yi wa Anselmo a ɗakin ƙasa, bai rage komai ba. Kafin la'asar an sallame shi, an karɓe masa katin shiga. Kamfanin ya aika wa Anselmo takardar ban haƙuri, ya roƙe shi ya dawo ya shugabanci sashen gwaji gaba ɗaya.

Darcy kuwa ta hana ubanta ganin yarinyar. Ya kira, ba ta ɗauka. Ya je, ba ta buɗe ƙofa. Sai da aka yi wata goma sha ɗaya ta turo masa saƙo: ya zo, minti goma, a tsakar gida.

Ya tarar da Josie tana wasa da ƙasa, ta yi tsawo, ta rame. Ta ɗago ta dube shi, ta gane shi, ta yi murmushi.

"Kaka," ta ce.

Muryar ta fito a dishe, can ƙasa, kamar ta tsohuwa mai ciwon ƙirji. Royce ya dubi 'yarsa.

"Haka za ta zauna," in ji Darcy. "Likita ta ce wataƙila har abada."

Royce ya zauna a kan matakala ya rufe fuska yana kuka. Yarinyar ta taso ta dafa masa gwiwa, tana tambayarsa da wannan muryar wa ya dake shi.

Darasi: Duk ƙwarewarka, in na ƙasa da kai ya nuna maka aibi a aikinka, ka tsaya ka saurara, musamman in ran mutane ya rataya a kan aikin. Girman kai da saurin hannu ba sa tsayawa a kan wanda ka raina, har cikin gidanka suke biyo ka su taɓa wanda ka fi so. Wanda aka zalunta kuma ya taimaka a ranar da yake da ikon ƙi, shi ne babba. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, musamman masu ƙananan yara, kuma yau ɗin nan kowa ya duba murfin batir ɗin rimot ɗin gidansa.